Manhajar Ƙari Mai Kula Da Horon Na'ura Daga Nesa: Yadda Ake Gina Ta

Yawancin aikin koyar da na'ura a yau ba a kwamfutar da ke gaban mai aikin ake yin sa ba. Mutum zai rubuta umarninsa a kwamfutar tafi-da-gidanka a ɗakinsa, amma lissafin yana gudana ne a wata babbar na'ura da ke girke a cibiyar ajiyar kwamfutoci, wani lokaci ma a wata nahiya. Abin da ya haɗa su layin intanet ne kawai. Domin sauƙaƙa wannan mu'amala, masu rubuta manhaja kan gina wata 'yar ƙaramar manhaja da ake liƙawa a jikin editan da suke rubuta kod da shi. Aikinta shi ne ta tayar da na'urar nesa, ta tura mata aiki, ta riƙa kawo labarin yadda ake ciki, sannan ta kashe ta in an gama. Irin wannan ita ake kira manhajar ƙari.

Dalilin da ya sa aikin ya koma nesa shi ne nauyin lissafi. Koyar da na'ura na nufin a nuna wa wani tsarin lissafi, wanda ake kira samfuri, misalai dubbai ko miliyoyi, yana gyara ƙididdigarsa kaɗan-kaɗan har ya iya gane hoto ko fassara jimla. Na'urar da ta fi dacewa da wannan ita ce katin GPU, wanda tun asali don zana hotunan wasannin kwamfuta aka ƙera shi. A 2012, Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da Geoffrey Hinton na Jami'ar Toronto sun horar da samfurin AlexNet a kan hotuna kusan miliyan 1.2, da katunan NVIDIA GTX 580 guda biyu kacal, cikin kwana biyar zuwa shida. Wancan katin mai son wasan kwamfuta ma yana iya saya. Katin H100 da kamfanin ya fito da shi a 2022 kuwa yana iya jan wuta har wat 700 shi kaɗai, kuma akwatin DGX mai ɗauke da guda takwas yana haura kilowat 10. Wannan ba kayan ɗaki ba ne. Haya ake yi, daga kamfanoni irin su Amazon da Google da Microsoft, ko kuma a shiga layi a cibiyar kwamfutocin jami'a. Masu binciken harshen Hausa a ƙungiyoyi irin su HausaNLP da Masakhane su ma da irin wannan hanya suke samun na'urar horo, ga kuma ɗaukewar wuta da yankewar intanet a ɓangarensu, shi ya sa maganar ta shafe su kai tsaye.

Editan da ake gina wa

Edita manhaja ce ta rubutu da aka tsara musamman don masu rubuta kod. Wanda ya fi yaɗuwa a yanzu shi ne Visual Studio Code, wanda ake taƙaitawa da VS Code. Kamfanin Microsoft ya sanar da shi a Afrilun 2015, ya buɗe kod ɗinsa ga jama'a a Nuwamban shekarar, lokacin da ya kuma ba da damar a riƙa gina masa manhajojin ƙari, sannan sigar 1.0 ta fito a Afrilun 2016. Erich Gamma ne ya jagoranci tawagar da ta fara aikin a birnin Zurich na Suwizalan. A ƙuri'ar jin ra'ayi ta shekara-shekara da shafin Stack Overflow yake yi, fiye da kashi 70 cikin ɗari na waɗanda suka amsa a 2023 da 2024 sun ce suna aiki da shi. Wanda zai gina manhajar ƙari guda ɗaya, can zai fara, domin can mutanen suke.

Akwai wata shawara da masu ƙera VS Code suka yanke tun farko wadda ta shafi duk abin da zai biyo baya. Manhajojin ƙari ba sa gudana a cikin tagar editan. An ware musu wani sashe na daban, mai masaukin ƙari, wanda yake magana da editan ta hanyar saƙonni. In manhajar ƙari ta maƙale tana jiran amsar wata na'ura da ke Jamus, rubutun mutum ba zai daskare ba. Farashin wannan kariya shi ne manhajar ƙari ba ta da ikon taɓa fuskar editan yadda ta ga dama. Sai dai ta yi amfani da wuraren da aka tanadar mata: jerin abubuwa a gefen hagu, ɗan rubutu a layin ƙasa, tagar fitar da rahoto, saƙon sanarwa, da kuma wani fili mai kama da shafin intanet in ana bukatar zane.

Ginin yana farawa da fayil mai suna package.json. A cikinsa ake rubuta sunan manhajar, da sigar editan da take bukata, da umarnin da za ta ƙara masa, kamar “tayar da zama” ko “tsayar da horo”, da kuma lokacin da za a tashe ta. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci. Manhajar da take tashi duk sanda aka buɗe edita, ko ana bukatarta ko ba a bukata, tana jinkirta aikin kowa. Wadda aka tsara da kyau tana kwance har sai mutum ya danna alamarta. Kod ɗin kansa galibi da harshen TypeScript ake rubuta shi, kuma yana da ƙofa biyu: ɗaya mai suna activate da editan yake kira in manhajar za ta fara, ɗaya mai suna deactivate da yake kira in za a rufe. Akwai umarnin yo code da yake shimfiɗa wannan harsashi cikin ɗan lokaci, kuma danna maɓallin F5 yana buɗe wata tagar edita ta gwaji da sabuwar manhajar a ciki. Har zuwa nan babu wahala. Ɗalibin da ya iya wannan harshe zai kai wannan mataki a yini ɗaya.

Mene ne zama

Wahalar tana farawa ne da tambayar abin da manhajar take kula da shi. Zaman aiki a na'urar nesa ba abu ɗaya ba ne. Akwai na'urar kanta, wadda ake biya wa haya ko ana aiki ko ba a yi. Akwai shirin horon da yake gudana a cikinta. Akwai abin da shirin ya riga ya loda a ƙwaƙwalwa, wato bayanai da ƙididdigar samfurin. Sannan akwai layin da ya haɗa mutum da ita. Kowane ɗaya yana iya mutuwa ya bar sauran. Layi yana iya yankewa shirin yana tafiya lafiya. Shiri yana iya faɗuwa da ƙarfe biyun dare, na'ura ta kwana a kunne kuɗi yana tafiya. Manhajar da ta cakuɗa waɗannan huɗun ta mayar da su fitila ɗaya mai cewa “a haɗe” ko “a yanke” za ta riƙa faɗa wa mai ita abin da ba haka yake ba.

Ƙa'idar da komai ya rataya a kanta ita ce: zaman yana rayuwa ne a na'urar nesa, editan leƙe kawai yake yi. Ɗan kasuwar da ya ɗora kaya a tirela daga Dawanau zuwa Legas yana bin direba da waya; in sabis ya ɗauke a hanya, tirela ba ta tsayawa, shi ma ba ya ɗauka cewa kayan sun ɓata, yana sake kira ne ya ji inda aka kai. Haka ya kamata manhajar ta ɗauki yankewar layi. Duk wani bayani na gaskiya game da zama, yaushe ya fara, wane shiri ne, ina ya kai, a can nesa za a rubuta shi. Abin da manhajar take ajiyewa a kwamfutar mutum tunatarwa ce kawai ta inda za ta je ta tambaya.

Hanyoyin isa na'urar

Tsohuwar hanya kuma mafi yaɗuwa ita ce SSH, wadda Tatu Ylönen ya ƙirƙiro a Finlan a 1995 bayan an saci kalmomin sirri a layin jami'arsu. Tana ɓoye duk abin da ke wucewa tsakanin kwamfutoci biyu, kuma bisa al'ada ta ƙofa mai lamba 22 take shiga. Mai gina manhaja yana da zaɓi: ko ya saka nasa kod ɗin SSH a ciki, ko ya kira wanda ke kwamfutar mutum tun da farko. Na biyun ya fi, domin mutum ya riga ya tsara makullansa da sunayen na'urorinsa a fayil ɗin saitinsa na SSH, kuma babu dalilin sa shi ya sake.

SSH yana da wata ɗabi'a da ta cinye wa mutane aikin kwanaki. In layi ya yanke, tsarin Linux yana aika wa shirye-shiryen da aka tayar ta wannan layi wata alama mai suna SIGHUP, ma'ana an ajiye waya, kuma yawancinsu nan take suke mutuwa. Horon da ya yi awa ashirin yana tafiya zai iya salwanta don kawai an rufe murfin kwamfuta. Maganin da aka daɗe da sani shi ne a tayar da shirin a cikin wata manhaja da take raba shi da layin, kamar GNU Screen ta 1987, ko tmux da Nicholas Marriott ya fara a 2007. Manhajar ƙari ta kirki tana yin wannan da kanta ba tare da an tuna mata ba: ta tayar da horon a ware, ta ba shi suna, ta rubuta lambarsa a wani fayil a can, yadda ko gobe aka buɗe editan a wata kwamfuta daban za ta same shi.

Hanya ta biyu ita ce Jupyter, wanda ya samo asali daga IPython da Fernando Pérez ya fara a 2001, ya kuma zama aiki mai zaman kansa a 2014. A nan mutum yana rubuta kod ɗinsa gutsure-gutsure a wani littafin aiki, yana gwada kowane gutsure yana ganin sakamako. Wanda yake aiwatar da gutsuren wani shiri ne da ake kira kanel, kuma shi ne yake riƙe da duk abin da aka loda. Kanel yana magana ta hanyoyi biyar a kan fasahar ZeroMQ: ta karɓar umarni, ta watsa sakamako, ta tambayar mutum, ta umarnin gaggawa kamar kashewa, da ta bugun zuciya wadda ake taɓawa a ji ko yana raye. Sabar Jupyter, wadda bisa al'ada take sauraro a ƙofa ta 8888, tana tattara waɗannan ta miƙa su ta layin WebSocket, tana kuma da adireshin da za a tambaye ta jerin kanel ɗin da ke raye da halin da kowanne yake ciki, yana aiki ko yana hutu. Wannan ya sauƙaƙa wa mai gini sosai. Google Colab, wanda ɗalibai da yawa suka fara taɓa GPU a kansa kyauta, a kan wannan tsari aka gina shi, kuma zamansa na kyauta ba ya wuce awa 12, yana ma iya yankewa kafin nan in an bar shi ba motsi.

Hanya ta uku ta manyan cibiyoyin jami'o'i ce, inda ɗaruruwan mutane suke raba na'urori. Can ba a tayar da shiri kai tsaye. Ana miƙa shi ga mai tsara layi, galibi Slurm, wanda aka fara ƙerawa a cibiyar bincike ta Lawrence Livermore da ke Amurka. Ana tura aiki da umarnin sbatch, a duba layi da squeue, a soke da scancel. Aikin yana iya jira minti biyar ko kwana biyu, kuma ba a sanin na'urar da zai sauka a kai sai ya fara. Dole manhajar ta san cewa jira ma wani hali ne na zama, kada ta ɗauke shi gazawa.

Shi kansa VS Code tun Mayun 2019 yana da manhajojin aiki daga nesa, waɗanda suke girka wani ɓangare na editan a na'urar can. Wannan ya haifar da tambayar da sabon magini kan manta: a wane gefe manhajarsa za ta gudana? Akwai wurin bayyana hakan a package.json. Mai tayar da na'ura da kashe ta ya kamata ta zauna a kwamfutar mutum, domin in tana can nesa ba ta da yadda za ta tayar da na'urar da ita kanta take ciki. Mai karanta zafin katin GPU kuwa can ya kamata ta kasance. Da yawa kan raba aikin biyu saboda haka.

Faɗin gaskiyar halin da ake ciki

Abin da mutum yake gani kaɗan ne: jerin zama a gefen hagu, kowanne da 'yar alama mai launi, da layi ɗaya a ƙasa. Amma a kan wannan 'yar alama yake yanke shawarar ya kwanta barci ko ya zauna. Magini mai hankali yana rubuta duk halayen da zama zai iya shiga tun kafin ya taɓa kod: ana tayarwa, yana jira a layi, yana aiki, ya gama, ya faɗi, an kashe shi. Sannan ya ƙara wanda aka fi mantawa da shi, wato “ba a sani ba”. In manhajar ta yi minti uku ba ta ji daga na'urar ba, ba ta da hujjar ci gaba da nuna kore, ba ta kuma da hujjar nuna ja. Abin da ya dace shi ne ta rubuta cewa rabonta da jin labari minti uku ke nan, kuma a lokacin horon yana zagaye na kaza.

Sake haɗawa ma yana da ladabinsa. Manhajar da take ƙwanƙwasa ƙofa kowace daƙiƙa tana cinye data, kuma wasu na'urori suna toshe adireshin da ya cika gwada shiga. Abin da aka saba shi ne a jira daƙiƙa ɗaya, in ba a samu ba a jira biyu, sai huɗu, sai takwas, har zuwa wani iyaka, a ɗan cakuɗa lokacin don kada kwamfutoci da yawa su dawo a tare. Nisa ma yana shiga lissafi. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, saboda haka layin da tsawonsa ya kai kilomita 10,000 yana cin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a zuwa da dawowa, tun kafin a ƙara cunkoson hanya. Manhajar da take yin tambaya goma a jere don cika jeri ɗaya za ta yi sauri a hannun wanda ya gina ta kusa da cibiyar, ta yi nawa a hannun wanda yake Zinder ko Maiduguri. Gara a haɗa tambayoyin a tura sau ɗaya.

Rahoton da horo yake fitarwa shi ne idon mai aiki, musamman adadin kuskuren samfurin, wanda ake so a ga yana sauka zagaye bayan zagaye. Kada a dogara da layi wajen adana shi. Abin da shiri ya faɗa lokacin da babu mai sauraro sau da yawa ba ya dawowa. A rubuta shi a fayil a can, manhajar ta riƙe inda ta tsaya da karatu, in an dawo ta ɗora daga nan. Akwai wani ƙaramin abu da ke ba da wahala: sandar nuna ci gaba da shirye-shiryen Python suke zanawa tana sake rubuta layi ɗaya ne sau da yawa, kuma in manhajar ba ta gane alamar komawa farkon layi ba, sai ta zubo dubban layuka marasa amfani ta binne saƙon da ake nema. In shirin ya mutu, lambar da ya bari tana da labari. Sifili na nufin ya gama lafiya. Lamba 137 na nufin kashe shi aka yi da ƙarfi, kuma sau da yawa tsarin ne ya yi hakan don ƙwaƙwalwar na'ura ta cika. Manhajar da ta fassara wannan da kalmomin da mutum zai gane ta rage masa awa guda ta lalube.

Umarnin nvidia-smi yana faɗin yawan ƙwaƙwalwar katin da aka cinye, da zafinsa, da wutar da yake ja, da kashi nawa na lokaci yake aiki. Wannan adadi na ƙarshe ya cancanci wuri a layin ƙasan edita. Katin da ake biya wa haya yana aiki kashi 15 cikin ɗari alama ce cewa yana zaune yana jiran bayanai su iso daga faifai. Don ganin zanen yadda horo yake tafiya, da yawa suna amfani da TensorBoard, wanda yake buɗewa a ƙofa ta 6006. SSH yana iya janyo wannan ƙofa ta cikin layinsa na sirri har ta bayyana kamar a kwamfutar mutum take.

Kuɗi da sirri

Ana biyan hayar GPU ne da lokaci, kuma asarar da aka fi yi ita ce ta na'urar da aka manta a kunne ranar Juma'a, aka tuna ranar Litinin. Tunanin farko da ke zuwa wa magini shi ne ya sa umarnin kashewa a cikin deactivate. Wannan bai isa ba. Editan yana ba wannan ƙofa ɗan lokaci kaɗan ne, kuma in batir ya mutu ko wuta ta ɗauke ba za a kira ta ba sam. Ƙari ga haka, rufe edita ba ya nufin mutum yana so a tsayar da horo. Mai gadin dole ya zauna a na'urar nesa: wani ɗan shiri da yake duba ko akwai aikin da ke gudana, in an ɗauki lokacin da aka ƙayyade babu, ya kashe na'urar da kansa. Aikin manhajar ƙari shi ne ta girka shi, ta nuna awa nawa zaman ya yi, ta kuma bambanta tsayar da na'ura da goge ta baki ɗaya, domin a wasu tsare-tsaren gogewa tana tafiya da faifan da ke ɗauke da sakamakon. Umarnin da ba a iya janyewa ya kamata ya tambayi mutum kafin ya aiwatar, ya kuma faɗi sunan abin da za a rasa.

Akwai haya mai rahusa da kamfanonin suke bayarwa a kan na'urorin da ba kowa a kai, da sharaɗin za su iya karɓe abinsu kowane lokaci. Amazon yana ba da gargaɗin minti biyu, Google kuwa daƙiƙa 30. Mai amfani da irin wannan dole horonsa ya riƙa ajiye zango, wato ya riƙa adana ƙididdigar samfurin lokaci-lokaci a wani wuri da ba zai tafi da na'urar ba. Manhajar tana iya nuna zangon ƙarshe da lokacinsa, ta kuma ba da maɓalli ɗaya na ci gaba daga nan a sabuwar na'ura. Ga mai ƙaramin ƙarfi, wannan maɓalli ne yake sa hayar mai rahusa ta yi masa amfani.

Batun sirri ya fi na kuɗi nauyi, domin makullin da yake tayar da na'ura ɗaya yana iya tayar da ɗari. Manhajar ƙari a VS Code tana da duk ikon da mai kwamfutar yake da shi: tana iya karanta fayilolinsa ta kuma aika su waje. Amana ce babba. Kuskuren da aka fi yi shi ne ajiye makulli a fayil ɗin saiti, wanda rubutu ne a fili, kuma yana iya bin sauran kod ya hau shafin GitHub inda ɓarayi suke da shirye-shiryen da ke neman irinsa dare da rana. Tun 2021 editan yana da ma'ajiyar sirri ta musamman, SecretStorage, wadda take dogara da kariyar tsarin kwamfutar, kuma nan ne wurin makulli. Kada a taɓa rubuta shi a tagar rahoto, domin mutane kan kwafe rahoto su tura wa baƙi in suna neman taimako. Sabar Jupyter kuma kada a buɗe ta ga duniya ba kalmar shiga. An sha samun waɗanda aka bari a buɗe, ɓarayi suka shiga suna haƙar kuɗin kirifto da katin wani. Haka nan in SSH ya yi gargaɗi cewa shaidar na'urar ta canza, bai dace manhajar ta haɗiye gargaɗin don a samu sauƙi ba.

Gwaji da fitarwa

Gwada irin wannan manhaja a kan layi mai kyau ba ya nuna komai. Gwajin da yake da amfani shi ne na ɓarna da gangan: a cire intanet ana tsakiyar tura fayil, a rufe murfin kwamfuta na awa ɗaya a buɗe, a kashe shirin horo ta bayan fage, a cika faifan na'urar nesa, a buɗe taga biyu a kan zama ɗaya, a danna “tayar” sau biyu da sauri a ga ko za a samu na'ura biyu ana biyan kuɗin duka. Don kada gwaji ya ci kuɗi, akan gina sabar bogi mai kwaikwayon amsoshin ta gaske, wadda za a iya umarta ta yi jinkiri ko ta yi shiru.

In an gamsu, ana naɗe manhajar da umarnin vsce ta zama fayil ɗaya mai ƙarewa da vsix, a ɗora a kasuwar manhajoji ta Microsoft. Sharuɗɗan wannan kasuwa sun taƙaita amfani da ita ga kayan Microsoft, shi ya sa editocin da aka tsago daga kod ɗin VS Code, irin su VSCodium, suke amfani da Open VSX ta Gidauniyar Eclipse. Mai son kowa ya samu sai ya ɗora a duka biyun.

Daga nan aikin kulawa yake farawa, domin manhajar tana tsaye ne a kan abubuwa uku da kowanne yake canzawa ba da shawararta ba: editan, da kamfanin haya, da tsarin da ke na'urar nesa. A farkon 2024, sigar VS Code ta 1.86 ta ɗaga mafi ƙarancin sigar glibc, wani ginshiƙin tsarin Linux, zuwa 2.28. Na'urorin da ke kan Ubuntu 18.04 da CentOS 7, waɗanda cibiyoyin bincike da yawa suke kai a lokacin, suka daina karɓar haɗi daga sabon editan, har sai da Microsoft ya ƙara wa'adi bayan koke-koken masu amfani. Mai bincike ba shi da ikon sabunta na'urar jami'a. Wannan hurumin masu kula da cibiyar ne. Saboda haka ɓangaren da manhajar take girkawa a nesa ya kamata ya zama ƙarami, ya dogara da kayan da kusan kowace na'urar Linux take da su, kuma manhajar ta duba sigar tsarin tun a haɗin farko ta faɗa wa mutum a fili in akwai abin da ba zai yi aiki ba.